Shafin da Bai Iso Gwammaja Ba

Gwammaja, Kano
Litinin, 4 ga Agusta

Zuwa ga taubashina Abdulbaqi, jikan mace,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da sanyin Mambilan da ka zaɓa ka bar mu. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi duk sanda hadari ya haɗu. Baba Hambali, ƙanen Baba, shi ma yana nan da ƙarfinsa, na baki dai.

A takarda na rubuta na ɗauki hoto na turo maka, don na san sai ranar Asabar kake shiga Gembu ka samu sabis, kuma maganar ta fi ƙarfin latse-latsen waya.

Ruwan da aka yi ranar Laraba ya kwantar da bangon gabas na ɗakin marigayi Baba. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma adakar kundin tana ƙarƙashi, sai da aka kwana biyu kafin a tono ta. Ka san abin da ke ciki, tunda kai ka ɗauki hotonsa shafi-shafi shekara biyu da suka wuce. Shekara talatin da huɗu Baba, Malam Gwadabe, ya yi yana rubuta wa ya haifi wa a unguwannin nan, wace mace ta shayar da ɗan wa, don kada wata rana a ɗaura wa mutum aure da 'yar'uwarsa ta nono. Shafi ɗari shida da goma sha biyu. Yanzu sun manne kamar gurasar da aka jiƙa, har sun fara fumfuna. Da na ɗaga murfin adakar sai da na zauna a ƙasa.

Baba Hambali ya yanke hukunci. Ya ce babu shafin da yayansa bai rubuta sunan Allah a kai ba, don haka ba za a bar wa gara da kyankyaso ba. Ranar Juma'a, sha biyar ga wata, in an sauko daga masallaci, zai wanke tawadar a sabon kwano, a binne takardun. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce ai ni na gaya masa komai yana cikin kwamfuta. Da gaskiyarsa. Har ƙara masa na yi da cewa kwafi biyu ne, ɗaya a nan, ɗaya a filash ɗinka.

To ga matsalar. Tsohuwar kwamfutar da ka bar mini ta daɗe tana fito da wani saƙo wai manhajarta ta tsufa. Ni kuma da ganin abin da ya samu takardun sai tsoro ya kama ni, na ce bari in gyara ta tun da wuri. Na kai wa Isiyaku mai gyara, ya ɗora mata sabuwar manhaja. Tun ranar ba ta ƙara lafiya ba. In na kunna ta, sai in je in ɗora ruwan shayi, ya tafasa, in dawo in tarar da ɗan zoben nan yana ta juyawa. Fankarta tana ƙara kamar injin markaɗe. Layin da ke nuna wurin ajiya ya koma ja, ya cika har baki.

Isiyaku ya fito mini da wata alama a fuskarta, ya sa mata suna Kundin Baba. Jiya na danna, bayan kusan minti goma sha biyar shafin farko ya fito, na ga rubutun Baba da jar tawadarsa a gefe. Na biyu kuwa har aka kira la'asar bai fito ba. Isiyakun ya tafi ƙauyensu ta'aziyya, wayarsa ba ta shiga.

Sau biyu Alhaji Mustafa na Dukawuya yana aikowa. Ɗansa Ikrima zai auri wata yarinya Mardiya, sai wata tsohuwa ta ce tana jin kamar uwar Mardiyar ta taɓa ba Ikrima nono lokacin da tasa ta kwanta ciwo. Iyayensu mata duka biyun sun rasu. An dakatar da sa rana sai an duba kundi, ni kuma na kasa buɗe shi.

Ka gaya mini abin da zan yi, kai da ka bar shanun kakanninka ka koma kiwon wayoyi. Kuma ka tabbatar mini filash ɗin nan yana hannunka, hankalina ya kwanta.

Taubashiyarka,
Muhsina


Gembu
Asabar, 9 ga Agusta

Malama Muhsina, uwar gidan da ba ta da bayi,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki yau da na shigo gari. Ina yi muku jaje, Allah ya tsare gaba, ya ƙara wa Inna lafiya. Ki gaishe mini da Baba Hambali da kyau. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ba ta rabuwa da mutum a nan. Muna can wani ƙauye muna haɗa wa ƙaramin asibiti wutar sola, hazo ne kullum, wani lokaci ba ka ganin wanda ke riƙe maka tsani.

Wato ke da aka ba amanar kwamfuta ki ajiye, sai da kika kai ta aka yi mata kwalliya. Tsohuwa ce fa, Muhsina. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, dole ya yi ta nishi. Amma ba mutuwa take yi ba, kada ki tsorata. Ga abin da za ki yi, bi da bi.

Da farko ki jona ta da wuta ki kunna ki ƙyale ta, ko da yini biyu ne. Sabuwar manhaja in ta shiga sai ta yi ta jawo sauran kayanta tana jera su, kamar wadda ta tare a sabon gida, kuma duk wannan aikin a ɓoye take yinsa. Kada ki kashe ta don kin ji haushi. Ki ɗora ta a kan faranti ko tebur, ba a kan katifa ba, fankar ta samu iska.

Na biyu, akwai manhajoji da ke tashi tare da ita duk sanda aka kunna, ko an kira su ko ba a kira su ba. Na zana miki inda za ki shiga a ƙasan takardar nan. Duk wadda ba ki san amfaninta ba ki kashe, ba abin da zai lalace.

Na uku shi ne jan layin nan. Cikinta ne ya cika, kuma kwamfuta in ba ta da wurin juyawa ba ta sauri. Tana da wata tsintsiya tata ta share tarkace, ita ma na zana miki hanyarta. Za ta jero miki abubuwan da za a iya sharewa, kowanne da ɗan akwati a gefensa. Amma kada ki yi gaggawa a nan. Akwai bayanin da nake so ki karanta tukuna, yana shafi na biyu.


Gwammaja
Laraba, 13 ga Agusta

Abdulbaqi,

Sallama da gaisuwa. Allah ya raba ka da murar nan, ka riƙa shan citta. Inna ta samu sauƙi, jiya har ta taka zuwa gidan suna.

Wasiƙarka rabi ta iso. Shafi ɗaya na gani, ko sa hannu babu. Na kira ka ya fi sau goma, ana ce mini ba a samunka, na san ka koma cikin hazonka. Sabis ɗin garinku dai Allah ya shirye shi.

Na bi maganarka tiryan-tiryan. Na bar ta a kunne Lahadi da Litinin, na kashe 'yan shisshigin nan guda tara. Ta ɗan sassauta, amma kundin bai buɗu ba. Ran Litinin da yamma Alhaji Mustafa ya zo da kansa, dattijo da furfurarsa, ya zauna a zaure yana ta juya hula a hannu. Ya ce yaron ya daina cin abinci, yarinyar kuma an ce kullum kuka. Na ji kunya ƙwarai. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen mako.

Jiya Talata na buɗe tsintsiyar taka. Ta jero abubuwa bakwai, shida duk ƙanana ne, ba su kai a yi magana ba. Na bakwai shi ne ƙaton, wai ragowar tsohuwar manhaja, girmansa giga casa'in da huɗu. Na ce ashe ga ɓarawon nan. An sa sabuwa, me za a yi da tsohuwa? Na san ka ce in jira shafi na biyu, na kuma jira kwana uku. Na yi tunanin bai wuce irin dogon bayaninku na masu boko ba. Ta tambaye ni da Turanci ko na tabbata, to ai haka take tambaya ko hoton banza zan goge. Na ce na tabbata.

Abdulbaqi, ka zo ka ga kwamfuta! Layin ya koma shuɗi, fankar ta yi shiru, kafin ka ce kwabo ta buɗe. Don murna har na juye mata bidiyoyin saukar karatun ɗalibaina da suka cika mini waya. Alamar Kundin Baba tana nan daram a inda Isiyaku ya ajiye ta. Na kai hannu zan danna ke nan aka ɗauke wuta, ka kuwa san batirinta ya daɗe da mutuwa. An ce taransifomar unguwa ce ta ƙone, ba a san ranar gyara ba.

Baba Hambali ya sayo sabon kwanon sha babba, ya sa an haƙa rami a gindin bangon da bai faɗi ba. Na so in roƙe shi ya ƙara mako guda, sai na rasa dalilin da zan ba shi. Da safen nan na ɗauki wayata zan gwada ɗaukar hoton shafukan da ba su manne sosai ba, na ɓanɓaro ɗaya ya yage a hannuna, sai na mayar na rufe. Na ce mene ne na wahala, abin da ke da kwafi biyu.

Duk da haka abu ɗaya ya rage. Ba ka ce komai game da filash ɗin ba. Na san yana cikin shafin da bai zo ba.

Muhsina


Gembu
Asabar, 16 ga Agusta

Yaya Muhsina,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan gaishe ki ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin tasha. Na kira ki, na kira Inna, duk wayoyinku a kashe, na san rashin wuta ne.

Idan Allah ya sa ruwa ko wani uzuri ya hana aikin jiya, ki je ki durƙusa gaban Baba Hambali, ki riƙe ƙafarsa, kada ya taɓa takardun nan. Ko sun manne akwai masu iya raba su. Idan wuta ta dawo kada ki kunna kwamfutar, kada ki ƙara zuba mata komai. Abin da aka share yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Bidiyoyin nan su nake tsoro.

Abin da Isiyaku ya yi, ya ɗora sabuwar manhaja ne, ita kuma ta tattara duk abin da ke cikin kwamfutar da can ta zuba a wuri ɗaya, ta kira shi ragowar tsohuwa. Kundin yana ciki. Alamar da kike gani a fuskarta ba kundin ba ne, ƙofa ce kawai da ke kai mutum can. Ɗakin kika rushe, ƙofar ce ta rage a tsaye.

Yanzu sauran maganar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sabis ne ya riƙe shafi na biyu ba, ni ne. Yana cikin aljihuna yanzu haka. Na rubuta miki a ciki cewa kada ki taɓa wannan na bakwai ɗin, sannan na rubuta dalili: babu wani kwafi. Filash ɗin bara na goge shi a wurin aiki, ana buƙatarsa da gaggawa, na ce in na zo Kano da Sallah zan sake kwafa. Sallah biyu ta wuce ban zo ba.

Na ɗauki hoton shafin, na ɗora yatsa zan tura, sai na tuna kin riga kin gaya wa Baba Hambali kwafi biyu ne. Na hango yadda zai kalle ni, mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ranar sadakar arba'in ɗin Malam Gwadabe ya ce ni jikan Nana Hauwa na fitar da zuri'a kunya. Sai na ce bari in fara kiran wani abokin aikina a Jalingo, ko Allah ya sa ya taɓa juye filash ɗin a tasa kwamfutar. Na ce matakin farko da na biyu za su cinye miki mako. Motar ƙauye ta cika, na shiga. Yau abokin ya ce bai taɓa ganinsa ba.

Layi ɗaya ya isa in turo miki, ba sai na faɗi dalili ba. Ko wannan ban yi ba, don na san ki, sai kin tambaya.

Ban da bakin neman gafara. Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce, in san ko an yi ko ba a yi ba. Zan kwana a Gembu har sai na ji daga gare ki.

Abdulbaqi


Gwammaja
Alhamis, 28 ga Agusta

Abdulbaqi,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Na ga kiranka duka, da gangan ban ɗauka ba. Da na ɗauka a makon farko da na faɗi abin da zumunci ba zai ɗauke shi ba.

An yi. Ranar Juma'ar ko gajimare babu. Baba Hambali ya sa fararen kaya, ya zauna a tabarma a tsakar gida, almajiran Baba na dā su wajen ashirin suka kewaye shi, wasu da jikokinsu. Yana ɗaukar takardun damƙa-damƙa yana tsomawa, yana shafawa da tafin hannu a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ruwan ya yi baƙi, jar tawadar tana yawo a sama. Ni na riƙa miƙa masa su, da hannuna. Da aka gama aka naɗe farar takardar a ƙyalle aka binne, aka tace ruwan, kowa ya kurɓa don albarka. Na sha. Inna ta sha tana hawaye. Baba Hambali ya yi doguwar addu'a, ya sa wa zamani albarka da ya kawo na'urar da ruwa ba ya ci.

Wuta ta dawo ran Lahadi. Kafin in caja waya in ga wasiƙarka na riga na kunna kwamfutar. Cikin ƙiftawar ido ta buɗe. Na danna alamar, ta ce ba ta san inda abin yake ba, ko ina so ta goge alamar ma.

Na kai ta wurin wani Malam Salihu da aka ce ya iya tono abin da aka share. Kwana shida tana hannunsa. Shafi arba'in da ɗaya ya samo, goma sha uku daga ciki rabinsu toka-toka ne, ba a karanta komai. Sauran bidiyon ɗalibaina ya hau kansu. Babu gidan Alhaji Mustafa a cikin waɗanda suka fito, na duba sau uku.

Ba zan ɗora maka duka ba. Kai ka ɓoye shafi, ni na ƙi jira, ni na kai ta gyaran da ba wanda ya sa ni. Garin neman gira na rasa ido. Amma ina jin haushinka, Abdulbaqi, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na wasan taubasai ba ne.

Alhaji Mustafa ya zo shekaranjiya. Shi na gaya masa gaskiya, don ba zan bar yara biyu a rataye ba. Ya ce shi ba zai ɗaura aure a kan kokwanto ba, in ya so kowa ya nemi wani. Wataƙila babu nonon da ya haɗa su. Baba ya sani, ya kuma rubuta. Na roƙe shi ya rufa mini asiri na kwana goma, ya ce ya ji, amma ka san Gwammaja da Dukawuya ba nisa.

Baba Hambali bai sani ba har yanzu. Kullum da safe in na je gaishe shi sai ya tambaye ni yaushe za a buga kundin a takarda, yana so a yi masa bangon fata a ajiye a masallaci. Ina ce masa ana kan shiri. Ban taɓa yi wa dattijon nan ƙarya ba sai a watan nan, kuma na gaji.

Ya cika wata 'yar kwalba da ruwan wankin, ya toshe bakinta, ya rubuta sunanka da ajami ya ɗaura a wuyanta. Ya ce rabonka ne, kai ka fi kowa cancanta, tunda kai ka ceci aikin yayansa. Ya hana a ba direba, ya ce da hannunsa zai ba ka. Tana kan tagar ɗakinsa, kullum sai ya goge mata ƙura.

Kwana takwas suka rage cikin goman. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho. Zan shiga tare da kai in faɗi nawa, amma naka da bakinka za ka faɗa, kafin ya miƙo maka kwalbar. Ka taho da shafin.

Muhsina Gwadabe